Daga Essex zuwa Free Fire: Yadda Wasannin Intanet Suka Zama Cinikin Jama'a

A ranar 23 ga Agustan 2024 kamfanin Sony ya fitar da wani sabon wasan harbe-harbe mai suna Concord, wanda ake bugawa ta intanet, mutum biyar su kara da mutum biyar. Dala 40 aka sa masa. Ranar 6 ga Satumba, mako biyu ke nan cif, aka kashe shi, aka mayar wa duk wanda ya saya kuɗinsa, kafin watan Oktoba ya fita kuma aka rufe reshen da ya ƙera shi. Abin mamakin shi ne wasan bai lalace ba. Zanensa ya yi kyau, komai na tafiya yadda aka tsara. Jama'a ne kawai ba su zo ba. A Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, ko a ranar da ya fi cika, masu bugawa a lokaci guda ba su kai 700 ba, har ta kai mutum ya danna shiga ya yi ta zaman jiran a samo masa sauran taran da za a fara da su.

Wanda ya gane abin da ya kashe wannan wasa ya gane rabin tarihin harkar. Gem ɗin da mutum ke bugawa shi kaɗai da na'ura kaya ne, ka saya ka kai gida, shi ke nan. Na intanet kuwa kasuwa ce: ko an zuba rumfunan siminti an sa fitilu, in ba ta ci ba sunanta kango. Abin da kamfani ke sayar wa ɗan wasa a zahiri shi ne sauran 'yan wasan. Shi ya sa duk wani tsalle da harkar ta yi cikin shekara kusan hamsin ya biyo bayan amsar tambayoyi biyu ne, wato yadda za a haɗa mutanen da ke nesa da juna ba tare da sun ji nisan ba, da kuma wanda zai biya kuɗin haɗuwar.

Masu bin tarihi kan fara ne daga PLATO, tsarin kwamfutocin koyarwa na Jami'ar Illinois a Amurka, inda tun farkon shekarun 1970 ɗalibai suka mai da na'urar karatu fagen yaƙin jiragen sama jannati. Amma tushen da ya fi barin zuri'a yana Jami'ar Essex a Ingila. A 1978 wani ɗalibi, Roy Trubshaw, ya fara rubuta wani wasa da ya kira MUD, abokinsa Richard Bartle ya karɓa ya ɗora. Babu hoto ko ɗaya a ciki, rubutu ne zalla. Kwamfuta ta rubuto maka inda kake tsaye da abin da ke gabanka, kai kuma ka rubuta inda za ka nufa. Sabon abin shi ne, in ka shiga wani ɗaki kana iya tarar da mutum na gaske a ciki, ku gaisa, ku haɗa kai, ko ya kashe ka ya kwashe kayanka. Jami'ar ba ta barin na waje su shiga sai tsakar dare, lokacin da babu mai aiki da kwamfutar, amma hakan bai hana su kwana a kai ba.

Bartle ya shafe shekaru yana kallon halin mutanen da ke shiga, a 1996 ya kasa su gida huɗu: masu neman maki da matsayi, masu yawon gano lungu da saƙo, masu zuwa hira kawai, da masu jin daɗin cin zalin wasu. Ya lura cewa kowane gida yana rayuwa ne da sauran. In masu cin zali suka yi yawa sai masu hira su gudu, in masu hira suka gudu sai wurin ya mutu, su ma masu cin zalin su rasa abin farauta. Har yau masu ƙera wasanni da wannan lissafin suke kwana suke tashi.

Sai dai a wancan zamanin shiga irin wannan duniya sai mai hali. Kamfanonin da ke haɗa mutane ta layin tarho, irin su CompuServe da AOL, da awa suke caji. Wasan Neverwinter Nights da AOL ta buɗe a 1991 yana cin kusan dala 6 a awa ɗaya, ban da kuɗin tarho. A Disamban 1996 AOL ta koma karɓar dala 19.95 a wata, ka yi ta amfani iya son ranka, daga nan cajin awa ya fara mutuwa.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai matsalar nisa. A Disamban 1993 wani ƙaramin kamfani a jihar Texas, id Software, ya saki Doom, wanda mutum huɗu za su iya haɗa kwamfutocinsu da waya a ofis ko makaranta su yi ta harbin juna. Ya karɓu har wasu jami'o'i da kamfanoni suka hana buga shi a lokacin aiki, don yana toshe musu layi. A cikin gini ɗaya komai lafiya. Da aka kai magajinsa, Quake, kan intanet a 1996, sai matsala ta fito fili.

Ga yadda abin yake. A wasan intanet akwai wata babbar kwamfuta a tsakiya, wadda ake kira saba, ita ce alƙali. In ka danna maɓallin tafiya, saƙo zai bar na'urarka ya je saba, ta yanke cewa lallai ka motsa, sannan ta dawo maka da sabon hoto. Ana auna wannan kai-komo da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mai layin tarho a lokacin yakan jira milisakan 200 zuwa 300, ka danna yanzu sai an jima mutuminka ya ɗaga ƙafa. John Carmack, babban mai tsara manhajar kamfanin, ya fito da dabara a QuakeWorld ƙarshen 1996: na'urarka ta daina jiran izini, ta nuna maka ka motsa nan take bisa hasashen saba za ta yarda, in daga baya aka samu saɓani sai a gyara. Shi ya sa wani lokaci za ka ga kana gudu sai a fizgo ka baya. Daga baya kamfanin Valve ya ƙara wata dabarar. In ka yi harbi, saba za ta koma baya kaɗan ta duba inda abokin gabarka yake a daidai lokacin da kai ka gan shi, ta yi hukunci da wannan. Wannan adalci ne ga mai harbi, amma shi ne dalilin kukan da kowane ɗan gem ya sani, na cewa "na riga na shige bayan bango aka kashe ni". A gaskiya babu mutum biyu a fili ɗaya da ke kallon lokaci ɗaya. Kowa da nasa hoton, saba ce ke ɗinke su ta yadda ba za a ga ɗinkin ba.

A Satumban 1997 aka buɗe Ultima Online, duniya guda mai hoto da dubban mutane ke zaune a ciki dare da rana, ana biyan kusan dala 10 a wata. Shi ne na farko da ya tara masu biya 100,000, kuma shi ne ya koya wa masu ƙera wasa cewa ba su san ɗan Adam ba. Sun ɓata lokaci suna tsara daji mai tafiya da kansa, dabbobi masu cin ciyawa su hayayyafa, masu cin nama su rage su. Ana buɗe ƙofa 'yan wasa suka karkashe duk abin da ke motsi, tilas aka cire tsarin. Shi kansa mai wasan, Richard Garriott, wanda ke fitowa a matsayin sarkin ƙasar, ya tara jama'a zai yi jawabi lokacin gwaji a watan Agustan shekarar, aka manta ba a kunna masa kariyar da ke hana shi mutuwa ba, wani ɗan wasa ya jefa masa wuta ya kashe shi a gaban kowa.

Duk wannan a Amurka da Turai ne. Amma siffar da harkar take da ita yau, daga gasa har hanyar karɓar kuɗi, a Koriya ta Kudu aka ƙera ta, kuma masifa ce ta buɗe hanya. A ƙarshen 1997 tattalin arziƙin ƙasar ya durƙushe, har ta karɓi tallafin sama da dala biliyan 50 ƙarƙashin jagorancin IMF. Kamfanoni suka rushe, aka sallami ma'aikata rututu. Gwamnatin Kim Dae-jung ta sa intanet mai sauri cikin hanyoyin farfaɗowa, kuma aikin ya zo da sauƙi domin yawancin mutanen birane a dogayen benaye suke zaune, waya ɗaya ta isa gida ɗari. Da yawa cikin waɗanda aka sallama suka zuba ɗan abin da ya rage musu suka buɗe shagunan kwamfuta da ake kira PC bang, inda ake biyan kusan dala ɗaya a awa. Cikin 'yan shekaru shagunan suka haura 20,000. Ga matasa babu aiki, ga wurin zama mai arha. Sannan saboda tsohuwar gabar mulkin mallaka, ƙasar ta daɗe da taƙaita shigo da kayan nishaɗin Japan, don haka na'urorin Nintendo da Sony ba su kafu a gidaje ba kamar sauran wurare. Filin kwamfuta ne ita kaɗai.

Ana cikin haka, a 1998, kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da StarCraft, wasan dabarun yaƙi, tare da dandalinsa na Battle.net da ake shiga kyauta. Koriyawa kaɗai sun sayi kwafi kusan miliyan 4.5. Gasar unguwa tsakanin shago da shago ta zama gasar gari, ta zama ta ƙasa. A shekarar 2000 aka kafa KeSPA, ƙungiyar da ke kula da gasar gem, da amincewar ma'aikatar al'adu, aka buɗe tashar talabijin ta Ongamenet wadda ba ta da aiki sai nuna wasanni. Manyan kamfanoni irin su SK Telecom da KT da Samsung suka ɗauki 'yan wasa aiki da albashi da masauki da koci, irin su Lim Yo-hwan suka yi suna kamar taurarin ƙwallo. Duk abin da ake gani yau a manyan gasanni, daga mai sharhi zuwa rigar ƙungiya, Koriya ta riga kowa da shekara goma.

Abu na biyu da ya fito daga can ya fi gasar tasiri, ko da yake ba a cika ba shi labari ba. A Koriya da Chaina satar fasaha ta yi ƙatutu, ka fitar da faifai yau, gobe kwafinsa na bakin titi. Wasan da ke zaune a saba kuwa ba ya kwafuwa, domin faifan banza ne in ba a bar ka ka shiga ba. Kamfanin NCSoft na Koriya ya ci moriyar wannan da wasansa Lineage a 1998. Nexon, wani kamfanin Koriya, kuma ya ƙara taku ɗaya: a bar kowa ya shiga kyauta, a sayar masa da hula da riga da ƙananan kayan ado a ciki. MapleStory na 2003 da KartRider na 2004 suka nuna cewa dabarar tana kawo kuɗi fiye da yadda kowa ya zata. Kamfanonin Yamma sun yi wa abin kallon raini na shekaru, suna ganin sana'ar masu araha ce.

Suna da dalilinsu, domin a lokacin tsarin biyan wata-wata yana kan ganiyarsa. World of Warcraft ya fito a Nuwamban 2004, ana biyan kusan dala 15 a wata a Amurka, kuma a 2010 masu rajista suka kai miliyan 12. A wannan zamanin ne aka fara gane cewa abin ya wuce wasan yara. Tun a 2001 wani masanin tattalin arziƙi, Edward Castronova, ya bi farashin da ake sayar da kayan wasan EverQuest da dalar gaske, ya lissafa cewa da duniyar wasan ƙasa ce, da ta zo ta 77 a arziƙin kowane mutum, tsakanin Rasha da Bulgeriya. A Chaina aka buɗe ɗakuna cike da matasa da ke aikin karɓa-karɓa dare da rana, suna tara zinaren cikin wasa ana sayar wa Turawan da ba su da lokacin nema. A Satumban 2005 kuma wata cuta da aka tsara don kogo ɗaya a World of Warcraft ta ɓalle ta shiga birane ta jikin dabbobin 'yan wasa. Wasu suka gudu daji, wasu suka tsaya jinyar marasa lafiya, wasu suka riƙa yaɗa ta da gangan. Masana annoba sun yi rubutu a kai a wata mujallar likitanci ta Lancet a 2007, domin sun samu abin da lissafi ba ya ba su, wato yadda mutane ke yi in tsoro ya zo.

Na'urorin falo, wato irin su Xbox da PlayStation da ake haɗawa da talabijin, sun shigo a makare. Microsoft ya buɗe Xbox Live a 2002, Halo 2 na 2004 kuma ya yaɗa tsarin da na'ura ke zaɓo maka abokan karawa da kanta.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa don a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Kusan duk nau'in wasan da ya mamaye duniya, 'yan wasa ne suka ƙirƙiro shi, kamfanoni suka zo daga baya suka saye ko suka kwaikwaya. Counter-Strike wasu matasa biyu ne, Minh Le da Jess Cliffe, suka sassaƙo shi daga cikin Half-Life a 1999. DotA taswira ce da masu sha'awa suka zana a cikin Warcraft III, daga gare ta aka samu League of Legends a 2009, da Dota 2, da Mobile Legends da Honor of Kings na waya. Salon nan na a jefa mutum ɗari a tsibiri, fili yana tsukewa har a bar mutum ɗaya, wani ɗan Ayalan ne, Brendan Greene, ya goge shi a matsayin gyare-gyaren wasan Arma, kafin wani kamfanin Koriya ya ɗauke shi su fitar da PUBG a 2017. A Janairun 2018 mutum sama da miliyan 3 ne ke cikinsa a lokaci guda a Steam. Manyan kamfanoni suna da kuɗi, amma tsoron asara ba ya barin su gwada abin da ba a taɓa gani ba.

League of Legends ne ya kawo dabarar Nexon Yamma ya zaunar da ita, Fortnite ya ƙarasa aikin a 2017. A nan ne ya kamata a tsaya a duba lissafin, domin mutane da yawa suna mamakin yadda abin kyauta ke kawo biliyoyin daloli. Mafi yawan masu bugawa ba sa biyan ko sisi. Kaɗan ne ke saye, kuma a cikin kaɗan ɗin wasu 'yan tsiraru ne ke kawo kaso mafi tsoka. To me ya sa kamfani ke ɗaukar nauyin miliyoyin da ba sa biya? Domin su ne kayan. Su ke sa a samu abokin karawa cikin daƙiƙa goma. Su ne 'yan kallon da mai sabuwar riga ke yi wa ado, don babu mai sayen rigar dala 20 ya sa a inda ba mai gani. Wanda bai biya da kuɗi ba ya biya da lokacinsa.

Da zarar lokacin mutum ya zama abin da ake nema, sai tsarin wasan kansa ya karkata. Ana auna ƙwarewar kowa da lissafi irin wanda Arpad Elo ya ƙirƙiro don 'yan wasan dara na Turai, a haɗa ka da sa'anka, ta yadda ba za ka yi ta ci har ka gundura ba, ba kuma za a yi ta cin ka har ka yi zuciya ba. Sabon shiga a PUBG Mobile yakan yi murnar kashe mutum bakwai a wasansa na farko, bai san yawancinsu na'ura ce ke tuƙa su ba, an ajiye su ne don ya ji daɗi ya dawo. Akwai kyautar shiga kullum, wadda in ka tsallake rana ka yi asara. Akwai tikitin zango, wanda za ka saya sannan ka yi ta bugawa kafin wa'adi ya cika don ka karɓi abin da ka riga ka biya. Mafi muni shi ne akwatin sa'a: ka biya kuɗin gaske, a buɗe maka, ko ka samu abin kirki ko tarkace. A ra'ayina wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta, kuma hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke haka a 2018. A Disamban 2022 kuma kamfanin Epic mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka kan zargin tattara bayanan yara da kuma tsara maɓallai ta yadda mutane ke saye ba da niyya ba.

Ba ina cewa tsarin kyauta sharri ne zalla ba. Shi ne ya buɗe ƙofa ga wanda ba zai taɓa iya sayen na'urar dala 500 da faifan dala 60 ba, kuma waya ce ta kai shi ko'ina. PUBG Mobile ya fito a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. Amma wanda ya fi kowa karantar talaka shi ne kamfanin Garena na Singafo. Free Fire, da ya fito a ƙarshen 2017, an yi shi ne musamman don ƙaramar waya mai ƙaramin ƙarfi: mutum 50 maimakon 100, minti goma a gama, zane mara nauyi, data kaɗan. Masu manyan kwamfutoci suna yi masa dariya, shi kuwa ya zama wasan waya da aka fi saukewa a duniya a 2019, ya mamaye Burazil da Indiya da Indonesiya. Gasarsa ta duniya a Singafo a 2021 ta tara masu kallo sama da miliyan 5 a lokaci guda.

Ta wannan ƙofar ce harkar ta iso mu. Gidajen gem na unguwanni, inda yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation, sun daɗe, amma wannan karawa ce ta mutum biyu a benci ɗaya. Karawa da wanda ba ka gani sai da wayar Android ta yi arha. Sai dai tsohuwar matsalar Carmack tana nan, kuma mu ta fi cizo. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, babu kuɗin da zai ƙara masa sauri. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas ta kai kusan kilomita 7,000, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan tun ba a lissafa komai ba. Ƙara tafiyar Kano zuwa Legas, da ta Fotugal zuwa inda sabar take a Turai, da jinkirin eriyar unguwa, za ka ga ɗan wasan Kano ya haura 100 cikin sauƙi, alhali abokin karawarsa na Jamus yana kan 20. Sau da yawa abin da yaro ke ɗauka rashin iyawarsa ne, nisa ne kawai. Kamfani kuma ba ya kafa saba sai inda yake ganin masu saye, shi ya sa 'yan kaɗan da ke nahiyarmu suka fi taruwa a Afirka ta Kudu, wadda ita ma ba kusa ba ce. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga irin siririn zaren da abin ke rataye a kai.

Gasar ƙwararru kuwa, wadda ita ce aka fi yi wa talla, ƙafarta ba ta kai ƙarfin da ake zato ba. Gasar Dota 2 ta fara da kyautar dala miliyan 1.6 a 2011, ta kai miliyan 40 a 2021 saboda 'yan wasa ne ke tara kuɗin ta hanyar sayen tikitin zango. Da Valve mai wasan ya sauya tsarin, a 2023 ta faɗo zuwa miliyan 3 da 'yan kai. Gasar Overwatch, wadda aka ce attajirai sun sayi gurbi a cikinta kan dala miliyan 20, ta watse bayan kakar 2023. Matsalar ita ce mai kallo ya saba da kyauta a Twitch da YouTube, sannan ƙwallon ƙafa ba ta da mai ita, amma kowane gem yana da kamfanin da zai iya sauya doka ko ya rufe shi gobe. Wanda ya shigo ya cike giɓin shi ne Saudiyya. Kamfanin Savvy na asusun zuba jarin ƙasar ya sayi ESL da FACEIT, manyan masu shirya gasa, kan dala biliyan 1.5 a 2022, sannan a 2024 aka fara gasar cin kofin duniya ta wasannin gem a Riyad da kyautar sama da dala miliyan 60.

Gwamnatoci ma sun rasa inda za su ajiye abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, da sharaɗin sai ta kai mutum ya kasa riƙe kansa, ta ɓata masa karatu ko aiki ko zaman iyali na tsawon lokaci. Chaina, gidan Tencent wanda ya fi kowane kamfani cin kuɗin harkar, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku a mako tun Agustan 2021, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi. Koriya ta Kudu ta hana yara 'yan ƙasa da 16 bugawa daga tsakar dare zuwa asuba a 2011, ta ga yaran na shiga da sunan iyayensu, ta soke dokar a 2021. Bayan shekara biyu 'yan wasanta suka ci zinare a wasannin Asiya na Hangzhou, aka yafe wa fitaccensu, Lee Sang-hyeok da aka fi sani da Faker, cikakken aikin soja na tilas. Indiya kuma ta haramta PUBG Mobile a 2020 bayan rikicin iyakarta da Chaina, abin da ba shi da alaƙa da tarbiyyar yara.

Rigimar da ke tasowa yanzu ta mallaka ce. Abin da ya kare kamfanoni daga satar fasaha, wato zaman wasa a saba, shi ne kuma ya sa ɗan wasa ba shi da komai a hannunsa. Rigar da ya saya, matsayin da ya shekara biyar yana nema, jerin abokansa, duk suna cikin kwamfutar wani. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe sabar wasan tseren motoci The Crew, wanda mutane suka saya da kuɗinsu tun 2014, ya daina buɗuwa gaba ɗaya, har ɓangaren da mutum ke bugawa shi kaɗai. Wannan ya haifar da gangamin neman doka a Tarayyar Turai da za ta tilasta wa kamfani ya bar wasa a halin da zai iya aiki in zai janye hannunsa, kuma a Yulin 2025 masu sa hannu suka haura miliyan ɗaya. Kamfanonin sun ce kuɗin yin haka ya yi yawa, kuma ba za su iya kare mutane a sabar da ba tasu ba.

Wasu 'yan wasan ba su jira doka ba. NCSoft ya rufe City of Heroes a 2012, aka ɗauka an gama. Sai a 2019 ta bayyana cewa wasu tsirarun masoyansa sun samu manhajar sabar, sun shekara shida suna bugawa a ɓoye. Asiri na tonuwa manhajar ta bazu, aka buɗe sabobin sa-kai, dubban tsofaffin 'yan wasa suka dawo suna neman abokansu na da. A Janairun 2024 NCSoft ya ba ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, mai suna Homecoming, lasisin ci gaba da gudanar da wasan, kuma da gudummawar 'yan wasa ake biyan kuɗin sabar.